Fitilun da Ake Kunnawa da Waya: Wa ke Ba da Umarni, Wa ke Riƙe da Makulli a Gidanki?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya koma kayan ajiya a gidaje da dama. Wutar layi kuwa, wadda har gobe muke kira NEPA ko da yake kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta a Sakkwato, Kabi, Zamfara da Kaduna, kin san halinta. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda a duhu, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wani layin na kudu kuma ya samu matsala. Ba mamaki yanzu idan kin ɗaga kai a Wurno, Rabah ko Goronyo, ki ga faifan sola a kan rufin kwano, a kan soron ƙasa, har a kan rumfar mai shayi.

Sola ta zo da sababbin fitilu. Da farko masu rimot ne. Yanzu kuma masu haɗa sola da 'yan kasuwar intanet sun fara tallata waɗanda ake kunnawa da wayar hannu, ƙwai yana miƙa wa ƙwai saƙo ba tare da an ja waya a bango ba. Ba su kai ga kowane gida ba tukuna, amma suna tafe, kuma idan suka shigo ke ce za ki zauna da su dare da rana. Ke ce mai raka yaro bayi da ƙarfe biyun dare a lokacin damina, lokacin da kunama da maciji ke yawo. Ke ce mai shiga madafi tun kafin gari ya waye. Don haka kafin maigida ya biya kuɗi, akwai abu guda da ya kamata ki fahimta: a cikin waɗannan na'urori, wace ce ke ba da umarni, wace ce ke riƙe da bayani, kuma makullin duka a hannun wa yake.

Daga rimot zuwa waya

Mu fara da abin da kika sani. Babbar fitilar sola da ake kafawa a tsakar gida tana zuwa da ɗan rimot. Yawancin irin wannan rimot da wani haske yake aiki wanda ido ba ya gani, kamar na talabijin, shi ya sa dole sai kin saita shi da fitilar. Idan katanga ko labule ya shiga tsakani, ba zai yi ba. Kuma magana ce ta gefe ɗaya: rimot ya faɗa, fitila ta ji ko ba ta ji ba, shi bai sani ba. Idan kina cikin ɗaki, ba zai gaya miki ko fitilar turken awaki a kunne take ba.

Sababbin fitilun da rediyo suke magana, kuma suna mayar da amsa. Da yawansu suna amfani da Bluetooth, wanda kike tura hoto ko karatu da shi daga waya zuwa waya. A watan Yulin 2017 ƙungiyar kamfanonin da ke kula da Bluetooth ta fitar da wani tsari da ke ba na'urori masu yawa damar haɗuwa kamar saƙar raga. Akwai kuma wani tsarin da ya girme shi mai suna Zigbee, wanda fitilun Philips Hue suka fito da shi a 2012. Sunayen sun bambanta, amma rabon aikin iri ɗaya ne.

Uwar adashi da 'yan zubi

Masu wannan sana'a sun raba na'urorin gida biyu. Akwai mai umarni, wanda a Turance suke kira kilayan. Akwai kuma ma'aji, wanda suke kira saba. Da jin haka za ki ɗauka wayarki ce saba, tunda ita ce mai tsada, ita ce mai wayo. Ba haka ba ne. Ƙwan fitilar da ke rataye a silin shi ne saba, wayarki kuwa mai umarni ce kawai.

Ki tuna da adashi. Uwar adashi ita ke riƙe da kuɗi da littafi. 'Yar zubi takan zo mata da ɗayan biyu: ko ta tambaya, "Hajiya, wa ke ɗauka wannan makon?" ko ta ce, "Ga zubina, a rubuta." Uwar adashi kuma ta ba ta amsa. Idan 'yan zubi biyu suka yi gardama a kan lissafi, ba wadda za a bi a cikinsu, littafin uwar adashi za a buɗe.

Haka ƙwan fitilar yake. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin ƙwaƙwalwa da ke riƙe da halin da yake ciki: a kunne yake ko a kashe, haskensa ya kai kashi nawa cikin ɗari, fari ne tas ko mai ɗan ja-ja. Saƙonnin da ke yawo tsakaninsa da mai umarni iri uku ne kacal. Na farko tambaya: yaya kake yanzu? Na biyu umarni: koma kaza. Na uku amsa, wadda daga ƙwan take fitowa: ga yadda nake. Wayarki, wayar maigida, da makunnin bango mai batir duk 'yan zubi ne. Suna tambaya, suna umarni, amma ba su ne ke riƙe da littafin ba.

Wannan bayani yana da amfani a aikace. Idan cajin wayarki ya ƙare, fitilun ba za su mutu ba, domin halinsu ba a wayar yake ba. Idan kika rage hasken falo da wayarki, kishiyarki ko 'yarki ta buɗe tata wayar, za ta ga sabon halin, domin ƙwan za ta tambaya. Idan kuma wata rana manhajar ta nuna miki fitilar zaure a kunne alhali idonki na ganin duhu, kada ki zargi ƙwan da wuri. Sau da yawa tsohuwar amsa ce wayar ke nuna miki. Ki rufe manhajar ki sake buɗewa, ta sake tambaya.

Na'ura ɗaya tana iya ɗaukar aikin biyu, kamar yadda uwar adashi kan zama 'yar zubi a wani adashin. Fitilar gefen gado mai maɓalli tana iya riƙe nata halin, kuma idan kin danna ta, ta aika wa fitilun tsakar gida umarni.

Yadda saƙo ke tsallaka katanga

Rediyon Bluetooth ba ya zuwa nesa. A cikin gida, mita goma ko ɗan fiye da haka ake sa rai, kuma kaurin bangon ƙasa, ƙofar ƙarfe da rufin kwano duk suna rage masa ƙarfi. To yaya umarni zai tashi daga ƙuryar ɗakinki ya kai zaure, a gidan gandu mai sassa uku ko huɗu?

Kamar yadda labarin haihuwa ke zagaya unguwa. Ki faɗa wa maƙwabciyarki ta kan katanga, ita kuma ta faɗa wa ta gaba, kafin a jima ya kai ƙarshen layi. Wayarki takan yi magana da ƙwan da ya fi kusa da ke. Shi sai ya maimaita saƙon, duk ƙwan da ya ji ya sake maimaitawa, har ya isa ga wanda aka nufa. Don kada surutu ya yi yawa, an sa dokoki biyu. Ƙwan da ya taɓa jin saƙo ba ya sake maimaita shi. Sannan kowane saƙo yana ɗauke da adadin tsallen da aka yarje masa, duk tsalle ɗaya a rage ɗaya, idan ya ƙare ya tsaya. Mafi yawan da tsarin ya yarda da shi 127 ne, kuma raga ɗaya tana iya ɗaukar adireshi har 32,767. Gidanki ba zai taɓa cika ta ba.

Masuntan madatsar ruwan Goronyo sun san amfanin raga: zare ɗaya ya tsinke, sauran suna riƙe. A nan ma idan ƙwai ɗaya ya ƙone, saƙo zai bi ta wani, muddin akwai wani a kusa. Amma idan ƙwai ɗaya tak ne ya haɗa sashenki da zaure, ranar da ya mutu zaure ya yanke. Ki sa mai haɗawa ya tabbatar kowane lungu yana da aƙalla hanyoyi biyu. Idan ɗakin ajiyar albasa ko tafarnuwa yana can bayan gida, kamar yadda yake a gidajen manoman Wurno da yawa, a sa ƙwai ɗaya a tsakani ya zama gada.

Ga kuskuren da ya fi yawa. Ƙwan da aka kashe da waya bai mutu ba, haske kawai ya ɗauke, kunnensa a buɗe yake yana saurare yana miƙa saƙo. Amma idan yaro ya kashe tsohon makunnin bango, an yanke masa wuta gaba ɗaya. Ba zai ji umarni ba, ba zai ba da amsa ba, ba zai miƙa wa na gaba ba. Fitila ɗaya aka kashe, uku suka daina jin magana. Maganinsa shi ne a bar tsohon makunnin a kunne, a rufe shi da salatif ko murfi, a manna sabon makunni mai batir kusa da shi, daidai tsayin da yara da tsofaffi za su kai. Ki sani kuma shi makunni mai batir yawanci ba ya miƙa saƙon wasu, barci yake yi don batirinsa ya daɗe, sai an danna shi ya farka. Don haka ba a lissafa shi a cikin gada.

Kowane sashe da rukuninsa

Ba sai kin bi fitilu ɗaya bayan ɗaya ba. Tsarin yana aiki kamar zauren WhatsApp: mai umarni ya tura saƙo zuwa rukuni, duk ƙwan da aka sa a rukunin ya karɓa. Kina iya yin rukunin "tsakar gida", na "hanyar bayi", na "ɗakin yara". Ƙwai ɗaya yana iya shiga rukuni fiye da ɗaya, kamar yadda kike cikin zauren dangi da na 'yan Islamiyya.

Rukuni biyu ne suka fi muhimmanci. Na farko hanyar bayi: ƙofar ɗaki, baranda da bayin kansa, da haske kaɗan wanda ba zai tashi jariri ba amma zai nuna abin da ke ƙasa. Na biyu rukunin gida duka. A yankin da dare ke zuwa da fargaba, iya kunna dukkan fitilun gida ko kashe su da dannawa ɗaya, ba tare da kowa ya fita tsakar gida ba, ba ƙaramin abu ba ne. Wanne ya dace a yi a irin wannan lokaci, kunnawa ko kashewa, shawara ce da za ku yanke da maigida tun da rana. Makunnin wannan rukuni a gefen gado ya kamata ya zauna.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a raba rukunai tun ranar farko: kowace da makunnin sashenta, na tsakar gida da zaure kuma na kowa. Abin da ba a fayyace ba shi ke kawo ka-ce-na-ce.

Ranar da aka ɗauke sabis

Kalmar saba tana da wata ma'anar, kuma a nan ake yi wa masu saye rufa-rufa. Akwai saba da ke cikin ƙwan fitilarki. Akwai kuma saba ta kamfani, wato babbar kwamfuta da ke wata ƙasa. Fitilu da yawa masu araha, musamman masu aiki da Wi-Fi, umarninki sai ya hau intanet ya je can, sannan ya dawo ya kunna ƙwan da ke saman kanki. Babu data, babu umarni.

Mutanen gabashin Sakkwato sun san abin da wannan ke nufi. A watan Satumban 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a Zamfara, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da rufe su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Rabah da Goronyo. An shafe makonni ba kira, ba saƙo, ba intanet. Fitilar da ke jiran izini daga wata ƙasa, a irin wannan lokaci ba ta da maraba da ƙwan ɗari biyar. Ita kuwa ragar Bluetooth ba ruwanta da turken sabis. Daga waya zuwa ƙwai, daga ƙwai zuwa ƙwai, duk a cikin gidanki maganar ke ƙarewa.

Ba a nan kaɗai ba ne. A watan Afrilun 2022 wani kamfanin kayan lantarkin gida a Amurka mai suna Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, masu amfani da kayansa suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, sai bayan kusan wata biyu wasu daga cikinsu suka saye kamfanin suka farfaɗo da shi. Makunnan bangonsu kuwa, da ke magana kai tsaye da fitilu, sun ci gaba da aiki.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tun a shago, bayan an haɗa ƙwan da waya, ki sa a kashe data da Wi-Fi, a bar Bluetooth kaɗai, a rufe manhajar a sake buɗewa. Idan ƙwan ya kunnu ya mutu, ya ci jarrabawa. Wasu manhajojin suna buƙatar intanet ranar rajista kawai, wannan ba laifi. Amma kada ki fita daga asusunki a manhajar, domin komawa ciki na iya buƙatar data.

Makullin gida

Sabon ƙwai ba ya jin maganar kowa sai an shigar da shi raga. Wayar da ta shigar da shi ita ke ba shi adireshi da lambobin sirri, kuma da waɗannan lambobi ake kulle kowane saƙo. Shi ya sa maƙwabcinki, ko da irin fitilarki ya saya, ba zai iya kashe taki ba. Amma wannan na nufin wayar da aka yi haɗin da ita, da asusun da aka buɗe, su ne makullin gidan.

Mai haɗawa yakan so ya yi amfani da wayarsa don ya gama da sauri. Kada ki yarda. Ba za ki bar kafinta ya tafi da makullin ƙofarki ba, ko da ɗan unguwa ne mai amana. Yana iya yin tafiya, wayarsa na iya ɓata, kuma muddin makullin na hannunsa, yana iya sarrafa fitilunki idan ya zo kusa da katanga, ke kuwa ba ki iya ƙara ko da ƙwai ɗaya sai kin neme shi. A yi haɗin da wayarki ko ta maigida, a gabanku. Ku rubuta sunan asusu da kalmar sirri a takarda, a ajiye tare da takardun gida. Sauran 'yan gida a ba su izini ta cikin manhajar, wanda za a iya janyewa.

Idan ƙwai ya lalace, ko za ki ba 'yar'uwarki, ki fara cire shi daga manhajar, domin lambobin sirrin suna cikinsa. Idan an sace waya, a canza kalmar sirri, a cire wayar daga masu izini. Ki kuma ja wa yara kunne game da wasa da makunni: ƙwayaye da yawa idan aka kashe aka kunna su sau da dama a jere, sukan goge komai su koma kamar sababbi.

Wuta, batir da zafi

Tunda kunnen ƙwan ba ya barci, yana shan wuta ko a kashe yake. Dokar Tarayyar Turai ta kayyade wannan a rabin wat, amma ba kowane ƙwai a kasuwarmu ne aka yi bisa wannan doka ba. Mu ɗauka rabin wat ɗin ne. Ƙwai 10 a awa 24 za su sha abin da ƙwai ɗaya mai wat 9 zai sha a awa 13. Ga mai babban batir ba komai ba ne, ga mai ƙarami kuwa abin lissafi ne. Ƙari a kan haka, yawancin waɗannan ƙwayaye wutar layi suke so, mai ƙarfin 220 zuwa 240. Idan solarki ƙarama ce mai ba da 12 kai tsaye daga batir, ba za su yi ba sai da inbata, ita ma kuma tana shan nata rabon muddin tana kunne.

Ki tambayi abin da ƙwan zai yi idan wuta ta ɗauke ta dawo. Tsarin ya tanadi zaɓi uku: ya zauna a kashe, ya kunna kansa, ko ya koma yadda yake kafin ɗaukewar. Da yawa daga kamfani a kan kunna kai suke zuwa. Idan ba a canza ba, NEPA ta kawo wuta da ƙarfe uku na dare, gida duka ya haske, jaririn da kika sha wuya kafin ya yi barci ya farka. Na ɗakunan kwana a sa su koma yadda suke, na zaure da tsakar gida kuma yadda kuka ga ya dace.

Zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Zafi yana rage kwanan kayan lantarki, don haka kada a kulle ƙwan a cikin murfin da iska ba ta shiga. Game da lafiyar yara kuwa, ƙarfin rediyon ƙwan bai kai na wayar da kike karawa a kunne ba, ko kusa.

Kafin a biya kuɗi

Ki riƙe waɗannan tambayoyi, ko ki tura wa maigida su kafin ya shiga kasuwa. Yana aiki ba data? A gwada a gabansa. Akwai makunnin bango, don kaka da yaran da ba su da waya? Da wayar wa za a yi haɗin? Idan wuta ta dawo, me zai yi, kuma ana iya canzawa? Wutar layi yake so ko ta batir? Gindinsa mai murɗawa ne ko mai ƙusa biyu, ya dace da mazaunin da ke gidan? Idan ɗaya ya ƙone, za a samu irinsa? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin ba duk ƙwan da aka rubuta wa Bluetooth a kwali ne ke jin yaren na wani kamfani ba. Ku tsaya a kan kamfani ɗaya da manhaja ɗaya.

Ku fara da ƙwai uku ko huɗu a hanyar bayi da tsakar gida, ku zauna da su wata guda kafin ku ƙara. Idan kuma gidanki ɗaki biyu ne da baranda, fitilar sola mai rimot ko mai kunna kanta idan ta ga motsi za ta wadatar da ke, kuɗin ki ƙara a batir mai kyau. Kowanne kika zaɓa, tocila mai caji ta ci gaba da kwana a ƙarƙashin matashinki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan'uwa na Wurno, Rabah, Goronyo da sauran garuruwa, wace irin fitila kuke amfani da ita a hanyar bayi da dare, kuma awa nawa batirinku ke kaiwa? Wadda ta riga ta gwada masu aiki da waya, ta faɗa mana a ƙasa ko sun yi mata aiki ranar da babu sabis, don sauran iyaye mata su ƙaru.